Gorar Tsarkin Kawu

Har yau in na ga gorar roba mai koren murfi sai zuciyata ta tashi. Kawu ne ya jawo min.

Shagon dardumarmu yana Harra ta Gabas, nan Madina, kuma daga Sin ake kawo mana kaya. Shekarar da Kawu ya ce sai ya ga masaƙar dardumar da idonsa, ni aka haɗa shi da ni, wai jawwal ɗina, wato wayar hannuna, tana fassara. Masaƙar tana ƙauye, mu kuma muka sauka a wani ƙaramin gari kusa da ita.

Garin nan ya ba ni haushi, wallahi. Ka ɗaga wa tasi hannu ya wuce ka kamar bishiya, sai da waya ake kiransu. Wanda ya tsaya kuma sigari a baki, ya yi kaki tun daga ƙirji ya tofar ta taga. A bas kuwa mun zama abin kallo, har wata tsohuwa ta murza hannuna ta duba yatsanta, ko baƙin yana fita. Duk wannan na shanye. Abin da ya gagare ni banɗakinsu ne. Rami ne kawai, ba ruwa, ba buta, sai kwando a gefe cike da takardun da aka yi amfani da su. Tir!

Kawu yana da ciwon suga, fitsari ba ya ɗaga masa ƙafa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin salla ta wuce shi ba. Sai ya sami gora, ya huda murfinta da ƙusa, ta zama butarsa. Duk banɗakin da muka shiga a garin nan gorar ta shiga, an ajiye ta a wannan jiƙaƙƙen ƙasan. Ni ne mai cika ta a famfon wanke hannu, ni ne mai ɗauka a leda.

Ranar tafiya masaƙa muka je tashar mota a makare. A bakin ƙofa akwai na'urar duba kaya. Wata ma'aikaciya ta zaro gorar daga ledar, ta ɗaga, ta yi min alamar sha. Ashe haka suke yi, ka kurɓa su tabbatar ruwa ne. Na girgiza kai. Ta nuna kwandon shara. Na zaro jawwal in yi bayani, ko kallonta ba ta yi ba. Ga layi a bayanmu ana tsaki, ga motarmu ta kunna inji.

“Kawu, mu bar mata. Ma sayi wata a hanya.”

“In babu fa? Ka san hanyar ne? Ba gora, ba ni ba shiga motar nan. Ba zan tsaya gaban Ubangiji da najasa ba.”

“To kai ka kurɓa mana.”

“Azumi nake, ɗan nan. Yau Litinin.”

Innalillahi! Na dubi gorar, na tuna banɗakin kasuwa na jiya. Na rufe ido na kafa kai. Ruwan ɗumi-ɗumi, ga warin roba. Matar ta gyaɗa kai ta miƙo ledar kamar ba a yi komai ba. Na shiga mota ina danne amai, Kawu kuma yana ɗaga gorar a taga yana duba ta.

“Kurɓa aka ce ka yi, ka shanye min kusan rabi.”

Na kau da kai na goge bakina da hannun riga.

Da azahar motar ta tsaya a wani gidan mai. Shagon wurin a kulle yake, ko gora ɗaya ba ta sayarwa. Kawu ya shiga banɗaki da abarsa, ya fito ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma a gefen mota ya yi sallarsa a kan lokaci. Da ya sallame ya ɗaga hannu ya daɗe, na ji sunana a ciki har sau biyu. Sannan ya shafa, ya miƙo min gorar.

“Yalla, je ka cika ta. Akwai la'asar.”