Matajin Da Na Ɗauka A Ƙofar Otal

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da ni, kuma wallahi tallahi ko harafi ban ƙara ba. Shekara biyar ke nan, lokacin ina tuƙi a wani kamfanin hayar motoci a Dubai, ina zaune a International City, mu huɗu a ɗaki ɗaya. Duk shekara ana yin wani babban taron marubuta a garin, a gayyato su daga ƙasashe, kamfaninmu ne ke jigilarsu. To a shekarar sai aka haɗa ni da wani dattijon Bature, marubuci daga Ireland, aka ce ni zan riƙa kai shi ina dawo da shi har kwana huɗu. Sunansa kam ba zan faɗa ba, Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa.

Tun a filin jirgi, ko jakarsa ban gama sawa a bayan mota ba, ya ce yana da sharaɗi biyu. Na ɗaya, in na ga mataji a ƙasa kada in ɗauka. Na biyu, duk wanda ya tambaye ni inda za shi daga nan, in ce ban sani ba. Na ce to Baba, amma a raina na ce ikon Allah, yau kuma na ɗauko mai taɓin boko.

Mutumin kirki ne, ba ya zama a baya kamar sauran, gaba yake zama kusa da ni, har shawarma ya sa na kai shi muka ci a Al Rigga. A can ne, rana ta biyu, na ga fasfonsa ya yi kauri kamar kundin malami, na ce Baba kai ba ka gajiya ne? Sai ya ajiye abincin. Ya ce shekara tara rabonsa da gida, daga wannan taro sai wancan, Indiya, Australiya, Kudancin Amurka, ba ya wuce kwana huɗu a gari. Wai a danginsu akwai wata tsohuwa da ke bin babban namijin gida, duk ranar da ta tarar da shi a cikin gidansu sai ta zauna a ƙofa tana taje kai tana kuka, kuma ba a kwana uku sai an fitar da gawa. Ta yi wa ƙaninsa kuka, ta yi wa matarsa, ta yi wa ɗansa. Saura 'yarsa guda ɗaya tak.

“Tafiyarta a hankali take,” in ji shi. “Inda ta ji an ce zan je, can take nufa. Shi ya sa nake hawa dandali in faɗa da ƙarfi. Kafin ta iso na wuce.”

Na ce Baba mutuwa ai ta Allah ce. Ya ce ya yarda, amma shi uba ne. Sannan ya rage murya ya ce 'yar tasa tana gab da haihuwar fari, kuma ya gaji, yana so ya gan ta ko na yini ɗaya ne. A taro zai sanar cewa Indiya za shi, alhali tikitin gida ne a aljihunsa. Ni kaɗai ya gaya wa, don ni zan kai shi jirgi. Wallahi ya ba ni tausayi, amma ban yarda da zancen tsohuwar ba ko kaɗan.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, yana ciki yana jawabinsa na ƙarshe, ni kuma na kawo mota ƙofar otal ɗin ina jira. Rana tarwai, mutane na ta shige da fice. Sai na ga wata tsohuwa a tsaye jikin ginshiƙi, ƙanƙanuwa, ta lulluɓa da wani abu mai ruwan toka, ga furfura har gadon baya. Abin da ya fara ba ni mamaki, kayanta a jiƙe suke sharkaf, ruwa yana ɗiga a kan tayil, a garin da ko gajimare babu. Masu gadi biyu suna kusa da ita amma ba wanda ya ko kalle ta, har na ji haushinsu. Can sai wani abu ya suɓuce daga hannunta ya faɗi, ta fara sunkuyawa da ƙyar tana nishi.

To ku gaya mini, wane ɗan halak ne zai tsaya yana kallon sa'ar kakarsa tana sunkuye? Mu ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. Ban yi tunanin komai ba, na yi wuf na ɗauka, na russuna na miƙa mata da hannu biyu, na ce sannu Iya. Sanyinsa kamar ƙanƙara. Sai da ya bar hannuna na lura mataji ne.

Ta ce, “Allah ya yi maka albarka. Yaron nan da kake ɗauka, ina za shi daga nan?”

Har yau ban iya tuna da wane yare ta yi maganar ba, na dai ji ta sarai. Kuma babba ta tambaye ka, ta sa maka albarka, ga labarin alheri, sai bakina ya riga hankalina. Na ce, “Gida za shi Iya, 'yarsa ce za ta haihu.”

“Kai kuma ina ne gidanku?”

Na ce Kano. Har unguwarmu na faɗa mata, innalillahi, har kwatancen layin.

Mai gadi ya daka mini tsawa da Larabci, yalla yalla, wato in yi maza in matsar da mota. Na waiga in amsa shi, kafin in juyo babu ita, sai ruwan da ya kwanta a gurin.

Baba ya fito yana fara'a ya shiga, mun hau titi ke nan ya fara shinshina, don motar ta ɗauki wani ƙarni irin na bakin teku. Sai ya kai hannu ya zaro wani dogon farin gashi daga maɓallin hannun rigata. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, “Me ka gaya mata?” Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon gashin, sannan ya ce, “Kai yaron kirki ne, shi ne matsalar.” Har filin jirgi yana kiran 'yarsa a waya ba a ɗauka. Ya sauka ko sallama babu, ban san jirgin da ya hau ba.

Da shekara ta zagayo na ga sunansa a takardar baƙi, na roƙi ogana ya ba ni shi. Ina tsaye da allon sunansa sai ga shi ya fito, ya rame ya tsufa, da 'yar ƙaramar yarinya rungume a ƙirjinsa da fasfo biyu a hannu. Na ce, “Baba, ina uwarta?” Ya dube ni, ya gyara wa yarinyar hula, ya wuce wurin ogana ya ce a canza masa direba. A nan na zauna a ƙasa na yi kuka, mutane suna kallona.

Ban ce muku na san ko wace ce ba. Ni Musulmi ne, na san kwana ba ya ƙarewa sai Allah ya so, malamai biyu sun gaya mini haka, na kuma yarda. Amma shekara biyar ke nan ban taka Kano ba. Duk salla Hajiyata sai ta kira ta ce, “Wai laifin me na yi maka?” In ce biza ce Hajiya, in kashe waya in rasa inda zan sa kaina. Sau biyu ina sayen tikiti, sau biyu ina tarar da kujerar bayan motata a jiƙe, sai in fasa tafiyar.

Don haka 'yan uwa, musamman ku da kuke ƙasar mutane, ku girmama tsofaffi, ban hana ba. Amma in aka ba ku amanar magana ku riƙe ta, ko da kuna ganin shirme ce, kuma kada ku yi wa wanda ba ku sani ba kwatancen gidanku. Ku sa ni a addu'a, Hajiya ta ce bana in ban zo ba ita za ta daina tambaya.