Na kai rigar Baba Gummi neman gyara

Mun tashi da asuba daga gidanmu na Anka, ni da ƙanwata, da rigar Baba a cikin buhu. Riga ce ta fata mai gashi, ya saye ta a gwanjo tun muna yara, ita yake sawa zuwa lambu lokacin ɗari, abokansa na tsokanarsa wai rago ya fito kiwo. Bayan rasuwarsa, da aka zo wanke kayan mamaci, Inna ta hana kowa taɓa ta. Ita ta jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu, ta shanya a rana. Rigar ta sandare kamar ƙirgi, gashin na zuba. Tun ranar Inna ba ta cin abincin kirki. Sai aka ce mana akwai wani tsohon majemi a Gummi.

Sammakonmu bai yi amfani ba, don yanzu babu direban da ke shiga hanyar nan sai rana ta ɗaga, saboda 'yan bindiga. Kuɗin mota ya kusa ninkawa, mu huɗu a baya, buhun a cinyata. Da muka shiga ƙasar Bukkuyum hira ta mutu. Gonaki ga su nan ba noma, wasu ƙauyukan ko kaza babu. Wata tsohuwa ta yi ta jan carbi har muka wuce dajin. 

A Gummi muka ci ƙosai mai tsada da ƙanƙanta, sannan mai babur ya kai mu wurin majemin. Wari ne ya fara yi mana maraba. Tsohon ya shafa rigar, ya ɗan lanƙwasa hannunta, sai hannun ya tsage.

"Wa yaw wanke ta?"

Na ce mahaifiyarmu.

"Allah Sarki. Wagga ba a sa mata ruwa, ɗana. Dusa aka zuba ma gashin a murza a kaɗe, a rataye ta inuwa. Rana ta riga ta cinye man fatar."

Bayan rigar kaɗai ya tsira. Ya yanko shi, ya shafe cikinsa da man gyaɗa, ya yi ta murzawa har ya yi laushi. Bai kai faɗin sallaya ba. Sauran muka bar masa.

Mun iso gida kafin la'asar. Abin da tafiyar ta koya mini, son abu bai isa ya sa ka iya riƙonsa ba, kuma da an yi tambaya ɗaya kafin a wanke ta, da ta raba mu da wannan wahala. Na shirya ce wa Inna tsufa ne ya kashe rigar, amma ba ta tambaya ba. Ta karɓi guntun da hannu biyu, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Sabulu ɗai nika ji," ta ce.