Madaɓin Yaya

A gindin tsaunin da ke bayan gari, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wata tsohuwar kwantena da tsatsa ta ci gindinta. Duk wanda zai taɓa ƙasar tsaunin nan sai ya fara tsayawa a bakinta, domin a ciki ake ajiye kayan gina hanyar kekuna, siririyar hanyar nan da samari masu hular kwano ke gangarowa a kai kamar an biyo su da sanda. Mutumin da ke riƙe da kwantenar shi ake kira Mai Makulli. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana jan ƙafar hagu, kuma ba a cika ganin haƙoransa ba sai in wani ya sha ƙasa.

Aikinsa rabon kaya ne, kuma a faɗi gaskiya ya iya. Da safe leburori su jeru, shi kuwa yana kan kujerarsa ta ƙarfe, hannu yake kallo, bai damu da fuska ba. Dogo mai ƙarfin baya ya sami diga, ya je ya fasa gefen tsauni. Mai haƙuri ya sami fartanyar nan mai baki biyu, gefe ɗaya kaifi na sarar saiwa, gefe ɗaya haƙora na baje ƙasa. Mai surutu a ba shi baro, ya yi ta hawa da sauka har bakinsa ya mutu. Kowace ƙota sai ya ƙwanƙwasa ta a jikin kwantena ya saurari kukanta kafin ya miƙa, in ya ji ta yi muryar tsagewa sai ya jefa ta baya. Duk tsawon zamansa a wurin ba a taɓa jin kayansa sun ji wa kowa ciwo ba.

Wannan tsantseni yana da tushe. Ubansu ya rasu tun yana ƙarami, wansa ne ya riƙe shi, riƙo irin na ci ka ƙoshi, ka yi laifi ka sha mari. Da ya tasa, Yaya ya ja shi wurin haƙar ramin bututu. Wata safiya suka tarar diga biyu suka rage, ɗaya lafiyayya, ɗaya ƙotarta ta tsage an naɗe da waya. Yaya ya sa hannu ya ɗauki lafiyayyar.

“Yaya, wannan fa a tsage take,” in ji shi.

“Kai dai raki gare ka. Kama aiki.”

Bai yi nisa da sara ba ƙotar ta karye a wuya, ƙarfen ya daki dutse ya dawo kan ƙafarsa. Yaya ne ya goya shi zuwa asibiti, yana tafe yana faɗa, wai wane irin sakarai ne ba ya duba inda yake ajiye ƙafa. Ya yi jinyarsa, ya yi masa aure daga baya, amma kalmar sannu ba ta taɓa fitowa daga bakinsa ba. Ƙashin ya haɗe a karkace, zuciyar ma haka. Matar Mai Makulli ta gaji da zama da mutumin da ba ya dariya ta tafi, shi kuwa ya yi ta gadi nan, sito can, har aka fara aikin tsauni ya sami kwantena da makulli da kujera.

Ana nan sai ga Yaya wata safiya a ƙarshen layi. Ya tsufa, wuyansa ya zama kamar na kaza, motar yashin da yake tuƙawa an karɓe saboda ido ya fara gaza masa. Ya riga ya ga heluma, shugaban leburorin, an ce ya gwada. Mai Makulli ya hango shi tun daga nesa, ya ji wani abu mai ɗumi ya cika masa ƙirji, kuma ba tausayi ba ne. Abu ɗaya yake so a duniya, ba ya kuma jin kunyar son sa: Yaya ya tsaya a bakin kwantenar nan ya sunkuyar da kai ya ce, ƙanena, wannan ya fi ƙarfina, taimaka ka canza mini.

Da layi ya zo kansa, Yaya ya miƙa hannu yana murmushi.

“Auta, ga ni na zo ƙarƙashinka.”

“Nan ba Auta, Yaya. Mai Makulli ake cewa.”

Ya tashi ya ja ƙafa har ƙuryar kwantena, ya wuce manjagara marar nauyi da ake ba masu shekaru, ya jawo madaɓi.

Madaɓin nan farantin ƙarfe ne mai kauri da aka yi wa walda a gindin bututu. Da shi ake daɓe kwana, wato bangon ƙasar da ake tadawa a lanƙwasar hanya don taya ta jingina a kai kada mai keke ya wuce cikin rami. A zuba jar ƙasa, a yayyafa ruwa har in ka dunƙule ta a hannu ta riƙe, sannan a ɗaga ƙarfen a sake, a ɗaga a sake, sai wurin ya yi tauri kamar siminti. Kowane bugu sai ya bi ta gwiwar hannu ya fito ta ƙeya. Shi ya sa samari ke karɓa-karɓa da shi, ba mai wuni da shi a hannu. Yaya ya jinjina shi, ya gyaɗa kai, ya saɓa a kafaɗa ya kama hawa.

Washegari madaɓi. Jibi madaɓi. Daga ƙasa Mai Makulli yana jin bugun yana saukowa daga tsauni, dum, dum, ya san na wane ne, domin tsakanin bugu da bugu akwai dogon numfashi. Da yamma Yaya ya sauko na ƙarshe, ya wanke farantin tas, ya jingina shi a wurinsa, ya ce sai da safe. Tafin hannunsa ya kumbura, ya fashe, ya bushe, ya sake fashewa. Bai taɓa roƙon a canza masa ba.

Heluma mutum ne da ba ya son shiga sha'anin 'yan uwa, amma abin ya ishe shi, ya tari Mai Makulli.

“Kai, tsohon nan ba wanka ba ne?”

“Shi ne.”

“Kullum shi ne da madaɓi? Ga samari nan suna zaune kan manjagara suna sosa ƙasa kamar kaji.”

“Ya kawo maka ƙara?”

“Bai kawo ba.”

“To, yana da baki. Ranar da ya gaji ya zo ya faɗa.”

Heluma ya kaɗa kai ya tafi, don duk kwanar da tsohon ya daɓe ruwan sama ba ya cin ta, masu keke kuma suna yabawa. Mutum in aikinsa na tafiya, tausayinsa ba ya wuce kaɗa kai.

Da shiru ya yi yawa, Mai Makulli ya ɗauki madaɓin ranar hutu ya kai wa mai walda, ya ce farantin ya fara lanƙwasa, a liƙa masa wani a kai. Mai walda ya juya shi ya ce bai ga lanƙwasa ba. Aka ce masa ya yi abin da aka sa shi. Safiyar da Yaya ya ɗaga shi sai da ya yi taga-taga, ya dubi gindin, ya dubi ƙanensa. Mai Makulli ya kasa kunne yana jiran roƙo.

“An gyara shi ke nan,” in ji Yaya. “Madalla.”

Sau ɗaya ne ya sauko da rana tsaka. Mai Makulli ya hango shi yana gangarowa hannu biyu babu madaɓi, yana dafa duwatsu, sai zuciyarsa ta hau bugawa kamar ta ango. Ya gyara zama, ya ɗora ƙafar nan tasa a kan bokiti inda ba za a kasa ganin ta ba, ya shirya fuskar da ya daɗe yana shiryawa. Yaya ya iso, ya jingina da ƙofar, ya daɗe yana mai da numfashi.

“Auta.”

“Ina ji.”

“Ko kana da tsumma in naɗe hannu? Jini yana sa bututun santsi.”

Ya jefa masa tsumman goge mai. Yaya ya naɗe, ya ɗaure da haƙori, sannan ya tsaya yana duban sa da idanun nan da suka yi fari-fari.

“Kai kuwa kana cin abinci? Duk ka rame. Ka riƙa biyowa gida, matata kullum sai ta tambaye ka.”

Ya juya ya koma sama. Mai Makulli ya shuri bokitin da lafiyayyar ƙafarsa har ya gangara cikin kwata.

Ranar da abin ya faru, babbar kwana ake gamawa, wadda ke bakin gangare. Wasu masu keke sun taru a sama suna jiran a buɗe, suna ta danna ƙararrawa. A ƙasa Mai Makulli yana wasa bakin fartanya sai ya ji bugun ya tsaya. Ya jira na gaba, bai zo ba. Can sai ihu. Leburori suka ce Yaya ya ɗaga ƙarfen ne ya tsaya da shi a sama, sannan ya sulale a jikin bangon da ya daɓe, bakinsa ya karkace. Wani cikin masu keken ya leƙo ya tambaya ko za a iya ɗan matsar da shi gefe su wuce. Mota ba ta hawa wurin, don haka a baro aka sauko da shi, ƙafafunsa na lilo, kansa na bugun ƙarfe a kowane dutse.

Asibiti suka ce jini ne ya hau, ɓarin jiki ya mutu, magana kuma sai yadda Allah ya yi. Aka mai da shi gida. Mai Makulli bai je ba sai da heluma ya ce masa mutane sun fara magana.

Ɗakin ƙarami ne, katifa a ƙasa, fanka mai ƙara, warin man zafi da fitsari. Yaya yana kwance, yawu na bin gefen bakinsa, hannuwansa a kan zane duk kanta. Matarsa ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna tana share ido da bakin mayafi.

“Ƙanin miji, sai yau? Ai da ka ga yadda yake kallon ƙofa. Allah ya saka maka, kai ka rufa mana asiri.”

“Ni me na yi?”

“Kai, ka daina. Kullum ya dawo, hannun nan ina gasa masa yana ba ni labarinka. Ya ce ƙarfen nan na gama aiki ba ka yarda ka ba yara, sai shi. Ya ce duk tsaunin an ɗauke shi tsoho, kai kaɗai ka san har yanzu namiji ne. Na ce ya roƙe ka ka ba shi mai sauƙi, ya ce in rufe baki, ya za a yi Auta ya girmama shi a gaban mutane shi kuma ya kunyata shi.”

Ta tashi ta ce bari ta duba tukunya.

Mai Makulli ya zauna shi da ƙarar fanka. Yaya yana kallon sa da ido ɗaya mai rai, hannun da bai mutu ba yana rarrafe a kan zane har ya sami nasa ya riƙe. Wani baƙin ciki ya taso masa. An cuce shi. Duk wannan aiki da ya yi, ashe mutumin nan daɗi yake ji, yanzu kuma bakin da zai roƙe shi ya rufe. Ya duba ƙofa, ya matso, ya sunkuya har leɓensa na taɓa kunnen wansa.

“Yaya, kana ji na? Ba girmamawa ba ce. Da gangan nake ba ka. Farantin nan ma ni na sa aka ƙara, lafiyarsa ƙalau. So nake ka zo ka roƙe ni.”

Ya ɗago don ya gani. Idon ya tsaya a kansa, ya daɗe. Bakin ya motsa, wani gurnani ya fito, yawu ya ƙaru. Sannan ruwa ya cika idon ya gangara cikin kunne. Hannun yana so ya janye, Mai Makulli ya damƙe shi bai saki ba.

A haka matar ta shigo da kwano ta same su. Ta ajiye, ta dafa ƙirji.

“Allah sarki, zumunci! Tun da ya kwanta bai yi hawaye ba sai da ya gan ka. Don Allah ka riƙa zuwa kullum, ka ji? Kai kaɗai yake jin daɗin gani.”

“Zan riƙa zuwa,” in ji Mai Makulli.

Ta miƙa masa cokali ta ce ya ba shi da hannunsa.