Bokiti Biyu a Bayan Ɗaki

Ina kan keken ɗinki ina haɗa hannun wata riga sai wayata ta yi ƙara. Ƙawar autata ce, 'yar Vom, wadda suka yi karatu tare. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Mama, suna da rai. Na bokitin farko sun dunƙule." Na ce ta maimaita. Ta maimaita tana dariya, ni ma na kama dariya, karo na farko tun rasuwar autar tawa.

Laka take nufi, wadda ke cikin bokiti biyu a bayan ɗakina a Anguwan Rogo. Autata ce ta ɗebo ta daga tafkin da wani kamfanin madara ke tara ruwan wanke-wankensa, don binciken kammala karatunta. Ranar da ta shigo da ita na toshe hanci, na ce 'ya'yan mutane na kawo wa iyayensu tsaraba, ni tawa kwata ta kawo mini. Ta ce in yi haƙuri, baƙi ne, kuma ba su da aiki sai surutu.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Lakar cike take da ƙwayoyin bakteriya masu cinye dattin ruwa, kowace tana sakin wani ɗan sinadari. In ba su da yawa, sinadarin ɓacewa yake a ruwa. In suka yawaita sai ya taru, kowace ta ji cewa 'yan'uwa na kusa, su fara fitar da yauƙi suna manne wa juna, har su zama ƙwaya-ƙwaya kamar gero. Waɗannan su ke nutsewa da sauri, ruwa mai haske ya tsaya a sama. Na ce ashe gulma suke yi. Ta ce eh, amma tasu unguwa take ginawa.

Ta sayo ɗan injin iska irin na masu kiwon kifi a Laranto. Safe da yamma ta kashe shi, ta bari lakar ta kwanta, ta tsiyaye rabin ruwan sama, ta cika da sabo mai ɗan sirkin madara. Ni da na saba ɗauraye komai tas, rabin nan ya dame ni. Ta ce, "Umma, maganarsu a cikin ruwan take. In kika zubar duka, sai su ɗauka kowa ya tashi daga unguwar." Na tuna yadda kakata ke barin ragowar nono a ƙwarya kafin ta zuba sabuwar madara.

Zazzaɓi ne ya ɗauke ta, kuma bai daɗe ba. Gida na cike da masu ta'aziyya na jiyo injin yana ta huci a bayan ɗaki. Na tashi na je na tsiyaye rabi. Yayata ta bi ni da ido.

Na ci gaba. Damina ta yi nisa, sanyi ya yi yawa, na lulluɓe bokitan da bargonta. In an ɗauke wuta in yi ta juya su da tsohuwar muciya, maƙwabciyata na leƙowa tana tambaya ko tuwon ya nuna. Lakar dai tana nan laka. Da ƙawar ta zo, ta ce a hankali wataƙila sanyi ya kashe su. Za ta ɗebi kaɗan ta duba, in babu rai sai a zubar a ɗebo sabuwa. Na ce sabuwa ba ta san hannun 'yata ba. Ta sunkuyar da kai ta rufe kwalabanta.

Shi ya sa da na ajiye waya ban tsaya neman takalma masu kyau ba. A ɗakin bincikensu ta sa idona a madubin da ke ƙara wa abu girma. Na ga ƙwaya guda, ruwan ƙasa, ta cika fili kamar dutse, a gefenta wasu 'yan halittu suna ta kaɗa gashi. Ta ce, "Mama, ga jikokinki." Na ce ba su da tarbiyya, ko ɗaya bai gaishe ni ba. Muka yi dariya har mai shara ya leƙo.

A hanyar fita ta gaya mini sauran aikin. Autata ta yi niyya, in na farko ya dunƙule, ta riƙa zuba ruwansa a na biyu, ta ga ko saƙon zai sa su hanzarta. Na fara tun a ranar. Bokiti na biyu har yau bai dunƙule ba.