Ranar da Muciya ta Kashe Ɗan Dambe

Ƙwal! Muciya ta sauka a ƙeyar Yaya Sale, a tsakiyar kasuwar Mairuwa.

Zamanin da kuɗin mai suka shigo ne, ya sayo sabon babur bai gama koyo ba. Ina goye a bayansa muka afka rumfar wata mai tuwo, tukunyar miya ta kife.

Yaya Sale kuwa ɗan dambe ne, har Ƙanƙara ana tsoron hannunsa. Matar ta ƙara masa a kafaɗa. Samari suka fara ihu, "Sale, rama mana!"

Ya maida hannuwansa baya ya ce, "In rama mi? In na buge ta, a ce ƙato ya bugi mace. In ta kada ni, na bar Faskari ke nan har abada."

Sai ya durƙusa. "Baba, ki yi haƙuri. In da saura, ƙarasa ta nan gefen, wancan ya ƙoshi."

Dariya ta ƙwace mata, muciyar ta faɗi.

Har ya rasu, Allah jiƙansa, yana cewa bai taɓa yin dambe mai wuyar wannan ba.

Maza, tsakani da Allah, da ku ne, hannun zai tsaya a baya?