Itacen da Na Dasa a Gonar Aro

Gonar ba tawa ba ce, aro aka ba ni. Wani tsoho Bagobiri ne ya ba ni ita, mutumin wani ƙauye kusa da Cadakori, wanda kakanninsa suka sari dajin wurin tun ba a san mota ba. Ni can gabas aka haife ni, wajen Gangara. Kakana daga ƙasar Katsina ya hauro. Shekarar yunwa ta ɗauke mini mata da 'ya guda. Na sayar da gonar ubana na ci. Na yi dako a kudu shekara biyar ko shida, na dawo da adda da tabarma.

Ranar kasuwa na sauke wa tsohon buhu daga amalanke, ya tambaye ni ko na iya noma. Na ce shi kaɗai na iya. Bayan kwana uku ya kai ni daji, tafiyar da ke cin hantsi, ya miƙa sanda ya nuna mini iyaka.

"Ka noma ka ci, Bakatsine," ya ce. "In an girbe ka kawo min dami guda, don a riƙa tuna mai wuri. Kada ka gina rijiya, kada ka dasa icce."

Na ce na ji. Ba sabuwar magana ba ce. A ƙasarmu wanda ya dasa itace a gona ya ce gonar tasa ce, ko bai buɗe baki ba.

Rabin wurin fako ne, ƙasa mai tauri da santsi kamar bayan tukunya. Sauran rairayi ne wanda ba ya zama wuri ɗaya. Babu inuwa ko ta tsayawar jaki. Na kafa bukka a tsakiya. Ruwa daga rijiyar ƙauye nake ɗaukowa.

Shekarar nan ce ake babban taro a Yamai. A kasuwa mutane sun kewaye rediyo, ana cewa sojoji za su sauka. Rabin maganar da Faransanci ake yi. Nakan saurara kaɗan in koma daji.

Na yi sassabe kamar yadda ubana ya koya mini. Duk tohon da ya ɗago kai na sare shi na ƙone, domin gonar da aka bar wa kurmi gonar malalaci ce. Amma ni kaɗai ne, kuma cikina ba cike yake ba. Ƙarfina ya ƙare kafin in kai kusurwar arewa, na bar ta da sabararta. Ruwa ya sauka na yi shuka. Iska ta taso ta binne hatsin, na sake. Sau uku. Wata safiya ina zagayawa sai na ga a kusurwar arewa hatsin farko yana nan tsaye, bayan kowace sabara, kore shar, kamar 'yan kaji a ƙarƙashin uwarsu. Na daɗe a tsugune ina kallo.

Daga nan na daina sarewa. In na tarar da kututture ya yi toho goma, in zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi in bari, in rage musu rassan ƙasa. Waɗanda na yanke in shimfiɗa su a kan fako tare da karan hatsi. Gara ta zo ta shiga aikinta. Ban taɓa zaton zan yi murna da gara ba. Tana ci tana huda ƙasa, iska tana kawo rairayi yana maƙalewa a rassan, ruwa ya samu inda zai shiga. Damina ta biyu ƙarangiya ta fito a wurin da ko ƙaya ba ta taɓa fitowa ba.

Da rana tsaka nakan kwanta a 'yar inuwar sabara, kaina kaɗai take rufewa. Ƙasa na rawa da zafi. A can nesa kawalwalniya tana shimfiɗa ruwan da babu shi, wani lokaci kuma in ga itatuwa a cikinta, manya, kansu a ƙasa. Sai in ji kamar dajin da aka sare bai tafi ko'ina ba. Yana nan ƙarƙashin bayana, saiwa riƙe da saiwa, yana barci. In na kara kunne da ƙasa babu abin da nake ji sai jinina. Duk da haka nakan kara.

Na fara sanin su ɗaya ɗaya. Kalgo mai ganye kamar tafin raƙumi. Geza. Magarya mai kama riga. Aduwa guda biyu. Gawo guda, mai zubar da ganye lokacin da kowa ke yin nasa. Akwai anza a bakin iyaka. 'Ya'yanta muka jiƙa muka ci a shekarar yunwa, kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacin ya fita. Ban sare ta ba. Ba na kuma zama kusa da ita.

Ban yi lakol ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Amma rairayin safe nakan karanta shi. Nan bushiya ta wuce da ƙananan ƙafafunta. Nan zomo ya tsaya ya sake shawara. Nan damo ya ja wutsiya ya tsaga gonar gida biyu. Kurege ya yi rami gindin aduwa, yana tsayawa da ƙafa biyu yana kallona kamar shi ya ba ni aron. Makwarwa ta fara kira da asuba daga cikin gamba. Cilakowa takan zo da tashinta na hawa da sauka, ta zauna kan gawo ta ɗaga baki sama ta yi ta ƙorafi. Wata rana na tarar da hawainiya a reshen kalgo, ƙafa ɗaya a sama. Na tafi na yi noma kunya huɗu na dawo, ba ta sauke ƙafar ba. Sau ɗaya tak na ga yanyawa, gab da faɗuwar rana, launinta launin ƙasa, kunnuwa sun fi kan girma. Ta dube ni na dube ta. Har yau ban tabbata ido biyu na gan ta ba.

Bayan girbin farko na tafi gabas na ga kaburburan matata da 'yata. Gidanmu ya rushe. Itacen kukar da ke bayansa yana nan, wanda matata ke tsinkar ganyensa ta yi miya. Na tsinci ɗansa guda a ƙasa na jefa a aljihu. Da ruwa ya dawo na fasa, na jiƙa ƙwallayen a ruwan zafi, na binne uku bayan bukka. Na san abin da tsoho ya ce. Na gaya wa kaina ba za su fito ba. Guda ta fito. Na kewaye ta da ƙaya saboda awaki, kuma in na ɗauko ruwa ita ke fara sha.

Shekara ta uku itatuwan sun fi ni tsawo. Dami ya ƙaru. Lokacin jam'iyyu sun cika kasuwa, motoci da tutoci, an yi zaɓe, kowa na faɗin abin da ya ji. Aka ce sabuwar doka na tafe, wanda ke noma wuri zai iya zuwa buro, ofishin hukuma, a rubuta masa shi. Gaskiya ne ko ba gaskiya ba, masu gonaki suka shiga karɓe aron da suka bayar. Babban ɗan tsohon, mai sayar da hatsi a Gidan Rumji, ya biyo ta gonar wata rana. Bai yi mini sallama ba. Ya tsaya yana ƙirga itatuwa da ido, ya juya.

Na san abin da ke tafe. In an karɓe wurin nan ba ni da wani. Shamuwa ta riga ta iso, ruwa saura kwanaki, irin shuka yana rataye a bukka. Na tsaya kan 'yar kukar da adda a hannu, ta kai mini ƙugu, ta fara fitar da sabon ganye. Na mayar da addar.

Da hantsi suka zo a amalanke, tsoho da ɗansa da wani maƙwabcin gona don shaida. Aka sauko da tsohon. Idonsa ya yi rauni amma bakinsa na nan.

"Bakatsine, na ba ka gona ka yi min daji? Zaki nawa ka tara?"

"Kurege guda ne, Baba."

"Shi ma bai kawo min dami ba."

Ɗan bai yi dariya ba. "Baba, dubi wurin nan. Icce ko'ina. Gobe ya tahi buro ya ce shi ya dasa, wa zai ƙaryata shi?"

"Kai ka dasa su?" tsoho ya tambaye ni.

"Na dai bar su."

"To mu gani."

Ya nufi sabara ta farko ya soka sandarsa a gindi, ya tona. Sandar ta bugi tsohon kututture, baƙi, mai kauri kamar cinya. Ya wuce kalgo, haka. Ya wuce geza, haka. Muna binsa a baya kamar awaki. A gindin gawon ya daɗe, ya sunkuya ya shafa kututturen da hannu.

"Wanga ni na sare shi," ya ce. "Shekarar da anka haihi babban ɗana. Kwana biyu muna sara da ƙanena. Ashe bai mutu ba." Ya juya wajen ɗansa. "Waɗanga sun girme ka. Namu ne tun kaka. Bakatsine kiwonsu kawai ya yi."

Sai ya ce ƙishi yake ji, muka nufi bukka. Yana shan ruwa idonsa ya sauka kan shingen ƙaya. Ya miƙa mini ƙwaryar, ya je ya ture ƙayar, ya soka sanda. Ta shige ƙasa babu abin da ta buga. Ya sake sokawa ta ɗaya gefen.

"Wagga fa?"

"Ni na dasa ta."

"Ka manta abin da na ce?"

"Ban manta ba."

"Ka ji ko, Baba?" in ji ɗan. "Da bakinshi."

Tsoho ya tambaye ni daga ina irin ya fito. Na ce daga bayan gidanmu. Ya ce su wa ke gidan yanzu. Na ce ba kowa. Ya tsaya yana kallon ƙasa, har na ji makwarwa ta yi motsi a cikin gamba.

"Tone ta," ya ce.

Na ɗauko hauya. Na yi ramin da faɗi, ban san dalili ba, tunda zubar da ita za a yi. Saiwarta ta kumbura kamar rogo. Na sa hannu biyu na ɗago ta, ba ta da nauyi. Na ajiye ta a gaban tsoho.

"Ka shaida ya tone?" ya ce wa maƙwabcin. Ya ce ya shaida.

Sai ya taɓa ɗansa da sanda. "Ɗauki. Maida ta ramin."

"Ni, Baba?"

"Kai. Gonar ubanka ce, hannunka ya halatta. Ko kasuwa ta mantar da kai yadda ake riƙe ƙasa?"

Maƙwabcin ya kawar da kai yana danne dariya. Ɗan ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa. Ya sa ta a karkace, tsoho ya ce ya gyara. Ya tura ƙasa da hannu, ya taka da ƙafa. Da ya miƙe gwiwoyinsa sun yi ja.

"Ka shaida wa ya dasa?" tsoho ya tambayi maƙwabcin.

"Na shaida."

"To, Bakatsine. Kuka tamu ce. Gona aro ce, kamar jiya. In kana son ganye ka roƙa."

"Ruwa fa, Baba? In ba ta?"

"Wa ya hana ka ba baƙuwa ruwa?"

Suka hau amalanke. Ɗan bai dube ni ba, amma da suka kai iyaka ya ɗaga hannu, ko kuda ya kora, ban sani ba.

Ganyen kukar duka ya zube cikin kwana uku. Ta tsaya kamar sandar da aka manta. Ina ba ta ruwa safe da yamma. A kwana na tara hadari ya haɗu daga gabas, aka yi ruwa har ramin kurege ya cika. Da gari ya waye jajayen ƙwarin nan masu laushi sun fito sun bazu a kan rairayi, ƙasa na ƙamshi. Na leƙa bayan bukka, babu ganye tukuna, amma kan reshen ya yi kore. Na saɓa sungumi na fara shuka daga bakin iyaka.