Saƙon da Na Goge a Wayar Baba Manu

Ni ba gadon sata na yi ba, gara in fara da wannan. A Yelwa aka haife ni, mahaifina tela ne, Inna tana soya kifi a bakin kasuwa. Na gama sakandare na rasa aikin yi, sai na kafa 'yar rumfa kusa da bakin ruwa, na samu ƙaramin janareta, ina yi wa mutane cajin waya. Ina cin halalina, ina barci lafiya.

Yawancin masu zuwa wurina masunta ne daga gungu, wato tsibiran cikin ruwa, inda babu wutar lantarki. Ranar kasuwa da sun sauka daga kwalekwale sai su zube mini wayoyinsu su wuce, ba su dawowa sai la'asar. Da sayayya ta intanet ta shigo, ni suka mayar ɗan aikensu. Wannan yana son fitila mai aiki da rana, wancan takalmin yara. Mutum zai miƙo mini katin bankinsa, ya faɗi lambar sirri da ƙarfi kowa na ji. In na ce ya rage murya sai ya yi dariya ya ce, "Kai, mi za a ɓoye? Duk 'yan gida ne."

Da farko hoton katunan kawai nake ɗauka, gaba da baya, wai don in sauƙaƙa musu aiki. Ƙarya nake yi wa kaina. Ran nan na gwada sa wa wayata kati da kuɗin wani. Banki ya aiko lambar tabbatarwa zuwa wayar mai kuɗin, ita kuwa wayar ga ta a gabana tana caji. Na karanta, na yi amfani da ita, na goge saƙon. Shiru kake ji. Daga katin waya na koma agogo, daga agogo na koma abin da ya fi haka.

A cikinsu akwai wani dattijo, Baba Manu, wanda duk gungunsu aka yarda da shi. Masuntan sun yi karo-karo a asusunsa don su sayi injin jirgi, su daina asarar kifi a hanya. Ya zo ya ce, "Ɗana, duba muna injin nan a wayarka, amma kar ka saya sai na shawarci jama'a." Ya ba ni katin na duba, ya bar wayarsa a caji ya shiga kasuwa. Kafin la'asar na kwashe kuɗin kaf. Da ya dawo har busasshen kifi ya ba ni in kai wa Inna, ya sa mini albarka. Na karɓa da hannu biyu, wallahi ko gezau ban yi ba.

Kasuwa ta zagayo, ya zo da mutanensa a sayi inji, kati ya ƙi. A banki aka ce musu da lambar da aka aika wayarsa aka fitar da kuɗin. To wa ke riƙe da wayar Baba Manu in ba Baba Manu ba? Babu wanda ya tuna da caji, don a wurinsu barin waya a rumfata daidai yake da barinta a aljihu. A gabana wani ya nuna shi da yatsa ya ce, "Tsoho da furfura, ka ci amana!" Baba ya juyo gare ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Ɗana, kai ka san waya. Hwaɗa musu yadda abin ga ke faruwa." Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba." Ya juya ya tafi. Daga baya na ji an daina gaishe shi, an daina cin abinci da shi, har ya kwashe iyalinsa ya bar gungun.

Rana dubu ta ɓarawo. Na yi odar sabuwar waya da katin wata ma'aikaciyar jinya daga Shanga, na sa a kawo rumfata. Ita kuwa ba ta yi wasa ba, ta kai ƙara, 'yan sanda suka biyo kayan har hannuna. Alƙali ya ɗaure ni. Maganar Baba Manu ba ta taso ba, ni ma na ja bakina don kar a ƙara mini shekaru.

Gidan yari cike yake da mutane, amma ban taɓa sanin kaɗaici irin nasa ba. Abokan da muka ci tare ko ɗaya bai leƙo ba. Inna ta zo sau ɗaya, ta zauna tana kallona, ta tashi ta tafi. Ranar ziyara nakan koma gindin bango ina jin ana kiran sunayen wasu. A nan na fara tunanin Baba Manu, wanda yake zaune irin zamana alhali shi bai ɗauki komai ba. Na tuba, na yi kuka har na gaji.

Da na fito na shiga jirgi zuwa gungun, na tsaya a ƙofar masallaci na faɗi gaskiya. Kowa ya sunkuyar da kai. Suka ce in roƙe shi ya dawo, suka kwatanta mini inda yake, wata 'yar bukka a bakin ruwa wajen Wara. Na same shi shi kaɗai yana ɗinkin koma. Na durƙusa na faɗa masa komai, har da cewa jama'arsa suna roƙon ya koma.

Ya ajiye komar. Can ya ce, "Na yahe maka, ɗana. Amma uwar ɗiyana ta rasu bara, tana zaton na ci. Ita wa za shi hwaɗa mata?"

Ku matasa, ku ji daga bakin wanda ya yi. Kada ku ba kowa katinku ya ɗauki hoto, kada ku faɗi lambar sirri ko ga ɗan uwa, kada ku bar waya a buɗe a hannun wani. Ku koya wa iyayenku, don su ne ba su san zargi ba. In kuma kai ne aka miƙa wa katin, ka ji tsoron Allah tun daga kuɗin katin waya. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini, amma tambayar Baba Manu har yau ban samo amsarta ba.